Shuɗin Isa

A shekarun babban yaƙin Turawa aka aiko ƙasar Wurno cewa kowace unguwa ta ba da mutanen da za a kai Jos haƙar kuza. A wani ƙauye kusa da Marnona, mai unguwa ya kira sunan Abdulƙadiri, don shi ne babba a gidansu tun rasuwar mahaifinsu, shi ne kuma mai ƙarfi. Abdulƙadiri ya shiga zauren mai unguwa, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Washegari aka ji ƙanensa Isa ne zai tafi. Isa bai yi gardama ba. Ya naɗe tabarmarsa ya bi ayari.

Da ya dawo, gwaggonsu Turai, wadda ke zaune a gidan tun da mijinta ya rasu, sai da ta dube shi da kyau kafin ta gane shi. Ya rame, kuma sanyin dutse ya bar masa tari mai tashi daga can cikin ƙirji. Wasu da suka tafi tare da shi ba su dawo ba sam.

Abu ɗaya ya kawo: riga mai dogon hannu da maɓallan ƙarfe da aljihu biyu a ƙirji, da wando, duka na wani shuɗin yadi mai kauri, irin wanda 'yan yanzu ke kira jin. A lokacin ba wanda ya san sunansa. Wani makanike mutumin Kurmi ne ya bar masa su da zai koma garinsu, don Isa ne ya yi jinyarsa da zazzaɓi ya kwantar da shi.

Makaniken dogo ne, saboda haka wandon ya yi wa Isa tsawo. Ya kai wa Ma'u tela a kasuwar Achida. Ma'u ya murza yadin da yatsu, ya girgiza kai.

“Malam Isa, wanga yadi na ko hwatar jaki? In allurata ta karye kai ka biya.”

Allurar ta karye, suka yi ta dariya. Ma'u ya rage ƙafafun wandon, kuma da guntayen da suka rage ya harhaɗa masa hula. Daga ranar Isa ya zama shuɗi tun daga kai har idon sawu.

Yana da yadda yake saka su, kuma ba ya canzawa. Yakan naɗe hannun rigar zuwa ƙasa da gwiwar hannu, ya juya bakin wandon kaɗan don farin cikin yadin ya fito, ya bar maɓallin wuya a buɗe. Rigar ta fi wandon koɗewa, hular ta fi su duhu, shi kuwa wannan bambancin yake so. Marina sun sha ce masa ya kawo su tsoma masa a baba su zama launi ɗaya, yakan ce su bar su haka, inda gwiwa ta ci yadin ya yi fari-fari nan ne kyansa. Ba ya yarda a buga su a kan dutse. Da kansa yake wanke su, ya juya cikinsu waje, ya shanya a inuwa.

Ranar kasuwa kaɗai yake saka su. Sauran kwanaki yana fadama da tsohuwar taguwa, yana ban ruwan albasar gidansu gwargwadon yadda ƙirjinsa ya bar shi. Amma ranar kasuwa zai yi wanka da wuri, ya shirya a hankali, ya taka zuwa Achida. Can zai sayi gasasshen kifin da 'yan Goronyo ke kawowa, ya yanka ɗanyar albasa a kai, ya ci a tsaye. Zai raba goro, ya ci rabi, ya jefa rabi a aljihun ƙirji ya ɓalla maɓalli. Daga nan ya zauna a bakin hanya ya jira motar Sakkwato, ba don yana jiran kowa ba, sai don yana son ƙarar injin idan direba ya rage gudu. Wanda ya gan shi a ranar zai ce bai taɓa shan wahala ba.

Wannan ne ya tsaya wa Abdulƙadiri a rai. Shi yana neman kusanci da manya, yana son in mai unguwa ya tsufa a tuna da shi. Amma duk ranar kasuwa ƙanensa zai ratsa ƙauye cikin shuɗin nan da ake hange daga nesa, mata a bakin rijiya su ce ga wanda ya tafi a madadin wansa. Isa bai taɓa tayar da maganar ba. Tufafin ne ke tayar da ita kowane mako.

Wata rana bayan la'asar Abdulƙadiri ya kira shi zaure, ya ajiye masa sabuwar farar riga.

“Ga wagga. Ka bar sa kayan lebura awa ɗan da ba shi da gida. Mutane na yi muna dariya.”

Isa ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. “Yaya, rigag ga ta yi kyau, Allah shi saka. Zan sa ta ranar Juma'a. Amma waɗancan ina jin daɗinsu.”

“Daɗin mi?”

“Ban sani ba, Yaya. In na sa su dai jikina na yi min sauƙi.”

Abdulƙadiri ya dube shi, ya ce ya tashi ya tafi.

A kasuwar Achida akwai wata bazawara mai sayar da fura, Husainatu, 'yar Rabah ce da ta zo zama wurin ƙanwar mahaifiyarta bayan aurenta ya mutu. Ba ta da yawan magana da masu saye, amma Isa ta saba da shi. Ita ta fara lura cewa maɓallin aljihunsa na lilo, ta ce ya tsaya, ta ciro allura daga ɗankwalinta ta ɗinke shi yana tsaye yana kallon sama.

“Dud da zahin ga ba ka jin nauyin kayan nan?” ta tambaye shi.

“Inda nis samo su sanyi ka kashe mutane. Har yanzu ban gama jin ɗumi ba.”

Ta yi murmushi ta ƙara masa nono a ƙwarya. Makonni suka wuce haka. Wata rana ta ce masa in da gaske yake, kawunnanta suna Rabah, kuma hanyar Rabah ba ɓoyayya ba ce.

Isa ya gaya wa gwaggo Turai, ita ta gaya wa Abdulƙadiri, tunda shi ne uba a gidan. Abin da ya ba su mamaki, bai ja maganar ba. Ya ce alheri ne, ranar kasuwa mai zuwa su haɗu a Achida, daga can su wuce Rabah gaisuwa.

Ana gobe kasuwa Isa ya wanke kayansa, ya shanya su a inuwar rumbu, da suka bushe ya ninke ya ɗora a kan gadonsa na kara. Washegari da sassafe ya sauka fadama don ya gama ban ruwa kafin rana ta ɗaga. Ya dawo ya yi wanka, ya shiga ɗaki, ya tarar da gado ba komai a kai. Ya ɗaga tabarma, ya leƙa bayan randa, ya fito tsakar gida.

“Gwaggo, ko kin ɗauke min kayana?”

Turai tana tankaɗe. Ta tsaya. “Wanka Abdulƙadiri ya hita da ƙunshi tun da sahe. Ya ce sadaka za shi yi ma babanku can kasuwa. Ban buɗe ba, ɗana. Ban san mi ac ciki ba.”

Isa ya mayar da taguwar fadama, da laka a gefenta, ya kama hanyar Achida. Ya yi sauri fiye da ƙarfinsa, har sai da tari ya durƙusar da shi a hanya.

Tun kafin ya shiga kasuwa ya ji dariya daga wajen 'yan kifi. Akwai wani Shittu, mai taɓin hankali, wanda ya daɗe yana kwana a rumfunan kasuwar. An ce da can masunci ne, kwalekwale ya kife da iyalinsa, daga nan kansa ya juye. Ba ya taɓa kowa. Shekaru yana yawo da guntun buhu a ƙugu. Yau ga shi tsakiyar fili cikin shuɗin riga da wando da hula. Ya ɓalla maɓallan a karkace, ya cika aljihunan da kawunan kifi da tsakuwa, man kifi ya riga ya ɓata ƙirjin rigar. Yana tafiya yana ɗaga ƙafa kamar soja, mutane na tafa masa.

“Ga Malam Isa ya zaka neman aure,” wani ya faɗa, aka sake fashewa da dariya. Sannan suka ga Isa na gaske tsaye da taguwarsa, dariyar ta ƙaru.

Abdulƙadiri yana zaune a rumfar mai goro tare da wasu dattawa. Isa ya je ya durƙusa, ya gai da su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yi magana a hankali.

“Yaya, kayana na ga Shittu.”

“Na sani. Ni nib ba shi.” Abdulƙadiri bai rage murya ba. “Na yi mahwalkin baba, na gane shi ba tuhwa. Nid duba gida ban ga abin da yah hi waɗannan ƙwari ba. Bawan Allah ga shi tsirara shekara da shekaru, kai kana da sabuwar riga aje. Ladar ta baba ta, kuma taka ta. Ko ba ka so?”

Dattawan suka gyaɗa kai. Ɗaya ya ce Allah ya karɓa, irin wannan ɗa ake nema.

“Ba naka ba na, Yaya.”

“Gidan wa kaka ci?” Abdulƙadiri ya tambaya, ya juya ya ci gaba da zaɓen goro. “In kana iya amshe sadakar ubanka ga hannun mahaukaci gaban jama'a, ga ka ga shi.”

Isa ya tashi ya nufi Shittu. Da farko lallashi ya yi. Ya ce zai kawo masa farar riga sabuwa, wadda ba a taɓa sakawa ba sai Juma'a. Ya ce zai saya masa kifi cikakke, ba kai ba. Shittu ya ja da baya ya rungume ƙirjinsa. Fuskarsa cike take da murna irin wadda ba a taɓa gani a kanta ba.

“Nawa na,” ya ce. “Dubi, da aljihu. Ina aje abina ba shi hwaɗuwa.”

“Shittu, don Allah.”

“An ba ni. Nawa na.”

Wani daga cikin taron ya ce a bar ango ya wuce. Isa ya hango Husainatu a bayan ƙwaryarta, ta tsaya da ludayi a hannu tana kallo. Bai san lokacin da ya kama wuyan rigar ba. Shittu ya yi ƙara ya fizge, Isa ya ƙara riƙewa, ya ja da duk ƙarfin da ya rage masa. Hannun rigar ya yage daga kafaɗa. Shittu ya tafi da baya, ƙeyarsa ta bugu da turken rumfa, jini ya zubo a kan hular. Yana ƙasa yana kuka kamar yaro, Isa bai sake shi ba, yana ta ƙoƙarin ɓalle maɓallan, har ya mare shi da ya ƙi ɗaga hannu.

Mutanen da ke dariya ɗazu su suka far masa. Mahauta da 'yan kifi da masu jakai, kowa ya sami rabonsa. Wani dogari ya zo ya raba, ya ɗaure Isa a turke cikin rana, ya ce ya zauna nan har hankalinsa ya dawo. Aka wanke wa Shittu kai, aka ba shi fura kyauta. Abdulƙadiri ya zo ya tsaya a gaban ƙanensa, ya ba jama'a haƙuri, ya ce tun da yaron ya dawo daga Jos ba daidai yake ba, suna dai rufa wa kansu asiri ne. Mutane suka tausaya masa. Ba a je Rabah ba.

Isa ya kwanta kwanaki yana tofar da jini. Gwaggo Turai ce ke gasa masa jiki da ruwan zafi tana hawaye. Da ya iya tashi, ya saka farar rigar ya tafi Achida, ba ranar kasuwa ba, ya yi sallama a ƙofar gidan su Husainatu. Ta fito ta tsaya daga cikin zaure, ba ta shimfiɗa masa tabarma ba.

“Kawunnaina sun ji labari,” ta ce. “Sun ce a bar maganar.”

“Ke hwa?”

Ta gyara bakin zanenta. “Na san abin da wanka yay yi. Kowa mai ido ya sani. Da ka juya ka tahi gida ranan nan, da ni da kaina zan bi ka.”

“Husainatu, kayan nan su kaɗai gare ni.”

“Na sani. Amma na ga huskarka sa'ad da kaka marin shi yana ƙasa. Irin ta mijina na hwari ta. Na rantse ba ni koma zama da huskan nan.”

Ya buɗe baki zai yi magana, tari ya riga shi. Ta jira har ya lafa, ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta shige gida.

Daga nan Isa ya daina zuwa kasuwa. Shittu ya ci gaba da yawo da kayan, hannu ɗaya a yage, yana kwana da su yana tashi da su, har suka yi baƙi suka fara wari. Masu dawowa daga Achida sukan tsaya a fadama su ba Isa labari, wasu don tsokana, wasu don suna ganin zai so ya ji. Yakan ci gaba da zuba ruwa a fangalin albasa bai ɗago ba. Mata a rijiya suka bar zancen wanda ya tafi a madadin wansa. Yanzu in ya wuce sai su janye 'ya'yansu.

Da kaka ta wuce aka aiko neman mutanen aikin hanyar mota ta wajen Goronyo, inda ruwa ya cinye gefen hanya. A lokacin mai unguwa ya tsufa, Abdulƙadiri ne ke zama a zaurensa yana zaɓar masu tafiya. Ya sa Isa a ciki.

Gwaggo Turai ta same shi yana alwala. “Abdulƙadiri, ka ji tsoron Allah. Yaron ga ko tulu ba shi iya ɗauka.”

“Gwaggo, in na tsame ɗan gidanmu mi mutane za su ce? Su ce na yi son kai. Aikin kwana kaɗan na, iska ma za ta yi mai amfani.”

“Sau ɗaya bai ishe ka ba?”

Ya gama wanke ƙafarsa, ya ce lokacin salla na wucewa.

Isa bai roƙi kowa ba. Da safe ya saɓa diga ya bi sauran. Turai ta biyo shi har bakin ƙauye da ƙunshin ƙuli-ƙuli, ya karɓa ya ce ta koma, rana za ta dame ta.

Aikin haƙar marmara ne da ɗaukar ta a kwando zuwa bakin gulbi. Masu ƙarfi ma kuka suke da shi. Wani maƙwabcinsu, Maccido, wanda aka ɗebo tare da shi, yakan rage masa kaya a ɓoye, har mai kula da aikin ya gane ya raba su. Isa ya yi abin da ya iya. Wata rana da hantsi ya sauke kwando ya zauna a gindin wata ƙirya, aka yi masa tsawa ya tashi, bai tashi ba. Mutanen Shinaka da ke cikin aikin suka taimaka aka yi masa sutura, aka binne shi a can kafin azahar.

Maccido ne ya kawo labari. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Abdulƙadiri ya zauna karɓar gaisuwa, mutane suka zo daga Marnona da Achida har da Wurno. Kowa ya yaba yadda ya riƙe ƙanensa duk da lalurarsa. Daga cikin gida ana jin muryar Turai, ta dishe.

Da jama'a suka ragu, Maccido ya matso kusa. Ya ce yana ganin ya kamata ya faɗi yadda abin ya kasance, tunda shi ne a kansa. Ya ce Isa bai sha wuya sosai ba a ƙarshe, ya nemi ruwa aka ba shi, ya yi kalmar shahada da bakinsa.

Abdulƙadiri ya ce alhamdulillahi, ya shafa addu'a. Sannan ya karkato ya rage murya.

“Maccido, digar da yat tahi da ita tawa ta, sabuwar ƙira. Ka zo da ita?”

Maccido ya dube shi. Ya ce a'a, tana can.

“To, in za ka koma gobe ka bincika min. Kar ta ɓace cikin na mutane.”